Marin da Na Ƙi Ƙera wa Manu

Mari na farko da na ga an sa wa mutum a ƙafa, mahaifina ne ya ƙera shi, ni riƙon ƙafar kawai aka ba ni. Ina faɗa muku wannan ne, ku 'yan walda na bakin tashar Illo, don na ga kun ɗauka ƙarfe abin wasa ne. Kun samu janareto da baƙin tabarau, kuna ɗiga wuta ƙarfe ya kama, sai ku riƙa cewa ni tsoho Gado da zugazugina mun zama kayan tarihi. Ba labarin garma ko lauje zan ba ku ba, waɗannan kowa ya daɗe a maƙera zai iya. Aikin da ba a tallarsa zan faɗa muku, wanda mai nemansa yakan tsaya sai mutane sun watse, sannan ya matso ya ce suna da marar lafiya a gida.

Mari shi ne zoben ƙarfen da ake sa wa mai taɓin hankali a idon sawu. Wani ƙafa biyu ake haɗawa, wani ƙafa ɗaya ce a ɗaure ta da sarƙa a jikin turu, wato gungumen icce mai nauyi. Ba aikin alfahari ba ne, amma aiki ne, kuma yana da ƙa'ida. Ba a auna ƙafa da safe, sai da yamma, don ƙafa takan ɗan kumbura in ta yini. Da kaba ake aunawa, a bar wurin da yatsu biyu za su shiga. Ƙarfen ya zama mulmulalle, ba mai kaifin gefe ba. In ka lanƙwasa shi a uwar maƙera ya huce, sai ka zauna da magagari ka yi ta gogar cikinsa har ka shafa shi a kumatunka bai karce ka ba. Daga nan a kai wa baduku ya naɗe shi da fata. Bakinsa kuwa da ƙusa ake rufewa, a doke ta da sanyinta, yadda ran da Allah ya kawo sauƙi bugu uku za su fitar da ita.

Zoben da na fara yi da hannuna, na gaji da guga na miƙa wa mahaifina na ce ya yi. Ya kira ni ya ce in miƙo ƙafa, ya sa mini shi ya buga ƙusa, ya ce in je rafi in ɗebo ruwan maƙera, in dawo in tafi kasuwa sayen gawayi. Kafin la'asar fatar idon sawuna ta saɓule. Da ya cire, abin da ya ce kawai shi ne, ni yini ɗaya na yi kuma ina da bakin yin ƙara, wanda za a sa wa kuwa shekara zai yi, in ya yi ƙara a ce ciwon ne ke magana. Tun ranar ban ƙara gajiya da magagari ba.

Na san masu zuwa neman mari fiye da yadda na san masu sayen fartanya. Maza ne ke zuwa. Amma in ka bi su gida don awo, mace za ka tarar a ƙofar ɗakin, uwa ko mata ko 'yar'uwa, idonta ja, hannunta da tabon cizo ko na ƙuna. Ita ke dafawa, ita ke wanki, ita ke kwashe kashi, ita ake zagi in ya fita ya fasa wa maƙwabci tulu. Mazan kuwa kuɗin ƙarfe suke haɗawa su ce sun yi nasu. Ban ce duk mugaye ba ne, da yawa gajiya ce ta kawo su. Waɗanda suka fi ƙona mini rai su ne masu zuwa cikin farar mota lokaci-lokaci, su shiga gidan mutane su ɗauki hoton ƙafa a ɗaure, su yi wa tsohuwa faɗa a kan haƙƙin ɗan Adam, su tafi. Ban taɓa ganin ɗayansu ya ajiye ƙwayar magani ɗaya a gidan da ya ɗauki hoto ba.

Da maganin asibiti ya fara isowa wajenmu, aikin mari ya ragu, kuma ban yi kewarsa ba. Na cire wa mutane da dama da hannuna. Akwai wanda na buɗe wa ƙafa bayan shekara shida, yau albasa yake nomawa a fadama, 'ya'yansa uku. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, maganin nan ba irin na zazzaɓi ba ne da za ka sha kwana uku ka jefar da kwali. Kulu ce ta fahimtar da ni.

Kulu bandar kifi take yi a bayan maƙerata, tun tana yarinya take kawo mini wuƙaƙen feɗe kifi in wasa mata. Ƙanenta Manu tela ne, yaro mai hannu, har daga Lolo ake kawo masa ɗinki. Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya fara cewa akwai masu magana a cikin keken ɗinkinsa. In ya taka, su kira sunansa su zage shi. Ya daina cin abincin kowa, wai an sa masa guba, sai in Kulu ce ta dafa ta fara ci a gabansa. Iyayensu sun rasu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kai shi wajen masu magani har tsallaken Benin, akuyoyin gidan suka ƙare a hanya. Daga baya Kulu ta ɗauke shi ita kaɗai zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya faɗi sunan ciwon da Turanci, ta ce ya fi ƙarfin bakinta. Abin da ta riƙe shi ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, magani yana kwantar da shi, amma in aka bar maganin zai dawo. Allura ce duk wata, da ƙwayoyin da ke hana jiki sandarewa.

Ku da kuke ganin allura ɗaya a wata ba komai ba ce, ba ku taɓa kai mutum ba. Akwai kuɗin mota na mutum biyu, zuwa da dawowa, don ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai na kati, na allurar, na ƙwayoyin, na abinci a hanya. Akwai ranar kasuwa da za ta wuce ba ka kasa kaya ba. Maganin yana sa shi cin abinci kamar mai noman kwana biyu, yana sa shi barci har hantsi, ɗinkin da yake yi a yini ɗaya ya koma na kwana uku. Mijin Kulu ya yi haƙurin shekara ɗaya, sannan ya ce ta zaɓa, ko ɗakinta ko ƙanenta. Ta kwaso kwanukanta ta dawo gidan ubansu. Shekara huɗu tana ɗaukar kwandon kifi ta ƙetara kasuwar tsallake, ta sayar a sefa, ta canza, ta ware na allura tun kafin ta sayi gishirin miya. A shekara huɗun nan ko sau ɗaya Manu bai tsallake wata ba. Yakan zo maƙera ya zauna mu yi hira, yana tsokanata wai wandona ya girmi uwar maƙera, in kawo ya ɗinka mini na mutane.

Sai shekarar da aka rufe boda. Ku kuna tuna ta da tsadar shinkafa da mai. Ni ina tuna ta da yadda aka dawo mini da zancen mari, gida bayan gida, mutanen da na ɗauka na rabu da su. Kasuwar Kulu ta mutu a rana ɗaya. Kifin da take kaiwa tsallake ya koma sai ta kai Bagudo ko Zagga, inda kowa ma kifin yake sayarwa. Mota ta yi tsada, allurar ta yi tsada. Ta fara ja: wata ɗaya ya koma kwana arba'in, ya koma wata biyu. Ta sayar da gadonta na ƙarfe da tukwanen aurenta. Wani mai yawo da magani a kwali ya sayar mata da ƙwayoyi masu arha, ya rantse irin na asibiti ne, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki, kuma Allah ya isar mata.

Muryoyin suka dawo. Wannan karon ce masa suke ya tafi tsallake, ana jiransa. Da Kulu ta juya baya sai ya kama hanyar daji. A lokacin kuwa duk wanda aka gani a hanyar daji ɗan sumoga ne ko ɗan leƙen asiri. Rannan aka dawo da shi a amalanke, an yi masa dukan da ido ɗaya bai buɗuwa, ba a ma san su wa suka yi ba. Da yammar ranar Kulu ta shigo maƙera, ba ta ko kawo wuƙa ba. Ta ce dangi sun fara zancen ƙarfe, baffansu Bawa, ƙanen ubansu, shi ne kan gaba.

"Baba, in Baffa yaz zo maka, kak ka yi," ta ce. "Na roƙe ka don Allah. Wata guda nika biɗa in samu na allura. Manu ba dabba ba ne."

Na yi mata alkawari. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin kaina da na yi.

Bawa ya zo ran kasuwa, maƙera cike da masu gyaran lauje. Mutum ne mai shanu a hannun makiyaya, mai babur biyu yana ba da haya. Bai ma jira an watse ba. Ya ce in shirya kaba in zo awo.

"Gado, allurar ga kowane wata aka biyan ta," ya ce. "Ƙarhe sau guda aka biya. Mi kaka so mu yi?"

Na ajiye masabar da nake dukan ƙarfe da ita na miƙe. Na ce masa ya sayar da sa ɗaya cikin shanunsa ya sayi allurar shekara, in ɗan ɗan'uwansa ya kai darajar sa a wurinsa. Na ce yarinya ta ɗauki nauyin nan shekara huɗu, su maza goma ba wanda ya taɓa biyan ko kuɗin motar zuwa. Na ce hannuna ba zai taɓa ƙafar Manu ba. A gaban mutane na faɗa, da ƙarfi, har masu lauje suna gyaɗa kai. Bawa ya kaɗe rigarsa ya fita. Na koma bakin wuta ina jin na yi abin kirki, ban tsaya na tambayi kaina inda zai nufa daga nan ba.

Wajenku ya nufa. Ba zan faɗi sunan wanda ya yi ba, ya bar garin nan, kuma kowannenku da aka zo wa haka zai yi. Suka jira ranar da Kulu ta tafi Zagga da kifi. Maza huɗu suka danne Manu. Mai waldan ya yanko guntun rodi na gini, irin mai gurzo a jiki, ya lanƙwasa shi a ƙafar da safe, ba awo, ba fata. Ya cusa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi ya ɗiga wuta ya like bakin. Ya haɗa da sarƙa kamu ɗaya a jikin tsohon ƙarfen tayar mota. Aikin bai kai shan shayi ba, aka biya shi, har ya yi ragi.

Kulu ta dawo ta tarar. Ta yi kuka, ta yi faɗa, Bawa ya ce gidan ɗan'uwansa ne, shi ke da magana, duk wanda ya taɓa ƙarfen nan ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya. Ni ma labari ya zo mini, na ce ba ruwana, ba ni na sa ba. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muni da ta taɓa fita bakina. Damina ce, ɗakin yana yoyo. Wurin da wutar ta ƙona ya ruɓe, rodin yana gurzarsa duk motsin da ya yi. Sai da aka kwana tara, wari ya hana matan gidan cin abinci a tsakar gida, sannan Bawa ya ce a kira wanda zai cire. Ni aka kira.

Na ɗauki zarton ƙarfe, da man kaɗe, da buta, da wani tsohon cokali da na daddake ya yi faɗi. Da na shiga ɗakin, ƙarfen ba ya ganuwa ta gefe ɗaya, nama ya kumbura ya rufe shi. Ba a sa kurfin yankan ƙarfe da masaba a irin wannan, duk bugun da ka yi a ƙashi zai sauka. Ba ƙusar da za a fitar, don ku ba ku san ana barin ƙofar fita ba. Sai na shafa man, na yi ta lallaɓa cokalin har ya shiga tsakanin ƙarfe da fata, na fara yanka a kansa. Zarto yana sa ƙarfe zafi, don haka ja goma, a zuba ruwa, a jira. Kuma wuri biyu za ka yanka, rodi ba ya buɗuwa da hannu. Kulu ta rungume kansa tana yi masa magana a kunne don ta danne waɗancan muryoyin. Zarto biyu na cinye wa haƙora. Na fara da hantsi, ban gama ba sai da aka kira la'asar, kuma a duk tsawon yinin ba namiji ɗaya na gidan da ya leƙo.

Washegari aka kai shi asibitin Bagudo don ƙafar. Suka wanke, suka yanke ruɓaɓɓen nama, suka ce da an ƙara kwana biyu sai dai a cire ta. Kun san da wane kuɗi aka yi wannan? Da kuɗin allurar. Abin da Kulu ta tara tun daga ranar da ta roƙe ni, saura kaɗan ya cika, shi ya tafi a wankin ciwo da bandeji. Bawa ya aiko da kwanon gero ɗaya. Ni na ba da abin da ke aljihuna, bai kai ko na mota ba, maƙeri a shekarar nan da kyar yake sayen gawayi. Da na ƙera marin nan da hannuna, da ƙafar lafiya lau, da an yi allurar a watan. Na juya wannan magana ta kowace fuska, haka take fitowa, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in jefa masaba a wuta.

Bayan mako biyu Manu ya fara taka ƙafar da sanda. Ran da ya fara takawa, ran nan aka tsinto shi a bakin fadama ya nufi hanyar tsallake. Da yamma Kulu ta zo maƙera. Ta rame har ɗankwalinta ya yi mata yawa. Ta zauna a kan turmin da masu jira ke zama. Ta ce ta zagaya dangi kaf, ta roƙi a samu mai zama da shi kwana uku a mako, ranakun kasuwa kawai, kowa ya ce yana da gona. In ta zauna da shi, ba kifi, ba allura. In ta tafi, zai kama hanya, wannan karon gawarsa za a kawo.

"Baba, ka taho da kabarka," ta ce. "Ni nac ce kak ka yi, ni kuma ka cewa ka yi. Kai dai ka yi irin naka."

Ban yi mata wa'azi ba, na riga na ga inda wa'azina ya kai mu. Na yanko kaba na bi ta.

Yana zaune a tabarma, ƙafar dama naɗe da bandeji. Ciwon nan ba kullum yake rufe mutum ba, yakan ɗaga, kuma ranar ya ɗaga. Ya gaishe ni da sunana, ya tambayi mutanen gida. Ya ga kabar a hannuna, ya dubi yayarsa, ita kuwa ta juya tana gyara murfin kwanon da ba abin da ya same shi. Na tsuguna ina neman yadda zan fara, sai ya ja wandonsa sama da kansa ya miƙo mini ƙafar hagu.

"Ga wagga, Baba Gado, ita ad da lahiya," ya ce. "Na san Yaya ba ta da yadda za ta yi. Amma ka sa sarƙar da tsawo, in samu zaman salla. Waccan ba ta bari na in zauna."

Na auna. Na ce ya yi zaman tahiya in gani, ya yi, na auna sarƙar daga nan na ƙara kamu biyu. Yini biyu na yi a kan zoben nan, ban karɓi aikin kowa ba. Ran da na je sawa, ba wanda ya danne shi. Kulu ce ta riƙe ƙafar a cinyarta, shi kuma ya riƙe mini ƙusar da yatsunsa na tela har na ɗaga masaba. Da gari ya waye ta ajiye masa tuwo da buta inda hannunsa zai kai, ta ɗauki kwandonta ta tafi kasuwar Zagga.